Matasa biyar na tanis: wa za ka ɗauka idan ana maganar hawa jadawalin duniya?

Duk wanda ke bin tanis na maza ya san saman jadawali ya riga ya samu masu shi. Carlos Alcaraz da Jannik Sinner sun raba manyan kofuna takwas na 2024 da 2025 (Grand Slam: gasannin Ostireliya, Roland Garros, Wimbledon da Amurka) a tsakaninsu, huɗu-huɗu, ba su bar wa kowa ko ɗaya ba. Gardamar majalisa ta koma kan 'yan bayansu: cikin yaran da ke tasowa, wa zai hau, wa zai tsaya cak, wa zai zame? Idan kana cikin masu zaɓen ɗan wasa ɗaya a farkon kaka, ka bi shi har Nuwamba a ga na wa ya fi gaba, ko kuwa kana neman wanda za ka ba zuciyarka na shekaru goma masu zuwa, sunaye biyar ne za su fi ruɗa ka: João Fonseca, Learner Tien, Jakub Menšík, Arthur Fils da Giovanni Mpetshi Perricard. Alƙaluman da zan yi aiki da su na ƙarshen kakar 2025 ne, hasashen kuma na kakar 2026.

Ma'aunin da zan auna su da shi

Abu na farko shi ne farashi, kuma a nan mutane suka fi yin kuskure. Makin jadawalin ATP, hukumar tanis ta maza, rance ne na mako 52. Wanda ya ci gasa a watan Maris yana riƙe da makinta har Maris na gaba, sannan a zare su, sai abin da ya sake samu a wannan makon ya maye gurbi. Babban kofi yana ba da maki 2000, gasar Masters tana ba da 1000, sai masu 500 da masu 250. Saboda haka yaron da ya yi abin mamaki bara yana shiga bana da bashi a wuyansa, shi kuwa wanda ya sha kashi ko ya yi jinya, duk abin da ya samu riba ce. Ga kuma tsadar matakala: tashi daga na 60 zuwa na 30 aikin mako biyu ne masu kyau, amma daga na 20 zuwa na 10 sai an yi ta kaiwa zagayen kusa da na ƙarshe a manyan gasa, inda su Alcaraz ke tsare da ƙofa.

Na biyu, ƙarko, wato lafiyar jiki. Kaka tana farawa a Janairu ta ƙare a Nuwamba, kuma wasan babban kofi yana iya kaiwa turmi (set) biyar, yana iya cin awa huɗu ko biyar. Hyeon Chung na Koriya ta Kudu ya ci gasar matasa ta Next Gen ta farko a 2017, ya kai kusa da na ƙarshe a Ostireliya a 2018, daga nan ciwo ya cinye shi. Holger Rune ya doke Djokovic a wasan ƙarshe na Paris yana ɗan shekara 19, ya hau har na 4, sai ga shi a Oktoban 2025 jijiyar agararsa ta tsinke a Stockholm. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Na uku, sauƙin sauya fili. Mafi yawan makin shekara a kan daɓe mai tauri suke. Amma daga Afrilu zuwa farkon Yuni jar ƙasa ce, ƙwallo na tafiya a hankali tana tashi sama, sai kuma 'yan makonnin ciyawa. Wanda ba ya jin jar ƙasa ya yi asarar wata biyu cur.

Na huɗu, haɗari: me zai iya rushe lissafin, kuma yaya kusancinsa.

João Fonseca

Ɗan Rio de Janeiro ne, an haife shi a Agustan 2006, shi ne auta a cikinsu. Ya shiga 2025 yana na 145, ya fita yana na 24. A tsakani ya doke Andrey Rublev a wasansa na farko a babban kofi a Ostireliya, ya ɗauki kofin Buenos Aires a Fabrairu a kan jar ƙasa bayan ya kayar da Francisco Cerúndolo a gaban 'yan garinsu, sannan ya ci Basel a Oktoba a rufaffen fili. Ya kai zagaye na uku a Roland Garros da Wimbledon. Wannan jerin kaɗai ya amsa tambayar sauya fili: babu inda yake baƙo. A kan jar ƙasa ya taso, amma bugunsa na dama yana da nauyin da daɓe ke so.

Ta fuskar farashi ba shi da tsadar da ake zato. Makinsa a warwatse suke, 250 a Fabrairu, 500 a Oktoba, sauran kaɗan-kaɗan. Bai yi nisa a gasannin Masters ba, kuma a nan ne ake tara dukiya, don haka filin riba a buɗe yake. Matsayinsa kuma ya shigar da shi cikin 'yan gata 32 na manyan kofuna, waɗanda ba a haɗa su da juna sai zagaye na uku.

Inda nake jan ƙafa shi ne salon nasa. Fonseca yana buga kowace ƙwallo kamar ita ce ta ƙarshe a duniya. Ranar da hannu ya zauna, ba mai tsayawa gabansa. Ranar da bai zauna ba, shi yake kayar da kansa. Irin wannan ƙarfi kuma jiki ne ke biyan kuɗinsa, kuma jikin ɗan shekara 19 bai gama ƙwari ba. Sai nauyin ƙasa. Tun da Gustavo Kuerten ya ci Roland Garros sau uku ya kuma zama na ɗaya a duniya a 2000, Birazil take jiran magaji. 'Yan kallonsa suna mayar da filin tanis kamar na ƙwallon ƙafa, a Miami har sai ka ɗauka a Rio ake wasan. Wannan ihu yana ɗaga yaro, yana kuma iya danne shi idan aka yi wata uku ba kofi.

Learner Tien

Idan ka nuna wa wanda bai san tanis ba hotunan su biyar ka ce ya cire ɗaya, Tien zai cire. Tsawonsa mita 1.80 ne a zamanin ƙattai, sabis ɗinsa ba ya tsorata kowa. Bahago ne, haifaffen Irvine a Kalifoniya a Disambar 2005, iyayensa 'yan asalin Biyetnam. Fonseca ya doke shi a wasan ƙarshe na yara a gasar Amurka ta 2023, ya sake doke shi a wasan ƙarshe na Next Gen a Jidda a 2024, shi ya sa da yawa suka ɗauke shi ɗan rakiya.

Sai ga 2025. Ya fito daga wasannin share fage a Ostireliya ya kayar da Daniil Medvedev a turmi biyar, wasan da ya kai wajen ƙarfe uku na dare, ya wuce har zagaye na huɗu. Wani abin dariya, mutum ɗaya ne, Lorenzo Sonego na Italiya, ya kori Fonseca da Tien duka daga wannan gasar. A Acapulco ya doke Alexander Zverev, a Mallorca ya doke Ben Shelton a kan ciyawa, ya kai wasan ƙarshe a Beijing inda Sinner ya tsayar da shi, ya ɗauki kofin Metz a Nuwamba, sannan ya koma Jidda a Disamba ya ci Next Gen ɗin da ta kuɓuce masa. Ya rufe shekara yana na 28.

Abin da ya sa na daɗe a kansa shi ne irin makamin da yake da shi ba ya lalacewa da sauri. Ƙarfin hannu yana zuwa yana tafiya, amma karanta wasa da mayar da sabis suna nan kullum. Tien yana karɓar ƙarfin abokin karawa ya juya masa shi, yana sauya tsayin ƙwallo da saurinta har mai ƙarfi ya gaji ya fara zubar da maki. Bahagonci kuma riba ce ta kanta, domin yawancin 'yan wasa da na-dama suka saba atisaye. A tsakiyar 2025 Michael Chang ya fara horar da shi, mutumin da ya ci Roland Garros a 1989 yana ɗan shekara 17 da gajeren jiki da ƙafa mai sauri. Da wuya a samu malamin da ya fi dacewa da ɗalibi haka.

Rauninsa a fili yake. Jar ƙasa ba ta karɓe shi ba tukuna, a zagayen farko ya fita a Roland Garros, ko da yake Zverev ya ci karo da shi. Kuma wanda sabis ɗinsa ba ya ba shi maki kyauta dole ya yi gumi a kan kowane maki, gudu ya yi yawa, cinya da gwiwa su ɗauki nauyi. Ta wajen bashi, nasa yana gefe biyu na shekara: 230 a Janairu, sai 330 na Beijing da 250 na Metz can a ƙarshe. Tsakiyar shekara kusan fayau take. Ko wasa biyu-biyu ya riƙa ci a gasannin jar ƙasa, hawa zai yi. Tambayar da ba a amsa ba ita ce rufinsa: shiga goma na farko abu ne mai yiwuwa, amma doke Sinner da Alcaraz a turmi biyar da wannan sabis wani zance ne daban.

Jakub Menšík

Shi ne ya riga su ɗaukar babban abu. A Maris na 2025, yana na 54 a duniya, ɗan Jamhuriyar Cek ɗin ya ci Masters ta Miami, ya kayar da Novak Djokovic 7-6, 7-6 a wasan ƙarshe, ya hana shi kofinsa na 100 a wannan rana. Shi da bakinsa ya faɗa cewa kafin wasansa na farko gwiwa ta matsa masa har ya tafi janyewa, sai ya tarar alƙalin gasa ya fita cin abinci, ya biya wajen mai duba lafiya, aka lallaɓa gwiwar ya shiga fili. Labari ne mai daɗi, amma ka lura da abin da ke cikinsa: yaro ɗan shekara 19 da gwiwa ta kusa hana shi wasa. A 2024 ma gwiwar hannu ta zaunar da shi na wani lokaci. Tsawon mita 1.96 yana ba da sabis mai rugurguza, yana kuma ɗora wa gaɓoɓi kaya.

Farashinsa ne ya fi na kowa tsada. Ya ƙare 2025 yana na 19, amma kusan rabin makinsa daga wannan gasa ɗaya suka fito. Ƙarshen Maris na 2026 ranar biyan bashi ce: idan bai tara wani abu kafin nan ba, ko bai sake yin nisa a Miami ba, zai iya farkawa ya gan shi ya sauka matakai masu yawa ba tare da wasansa ya lalace ko kaɗan ba. Wanda ya zaɓe shi don gasar shekara ɗaya ya san da wannan.

Wasansa kuwa na zamani ne sak: sabis mai nauyi, bugun bayan hannu mai tsabta, natsuwa a raba-gardama, wato gajeren wasan da ake yi idan turmi ya kai 6-6. Daɓe ne gidansa, ya kuma kai zagayen 'yan takwas a Madrid a kan jar ƙasa. Abin da ke damuna shi ne turmi biyar. Har ƙarshen 2025 bai wuce zagaye na uku a babban kofi ba, kuma sau biyu a shekarar yana gaba da turmi biyu aka juya masa wasa, a Ostireliya da Roland Garros.

Arthur Fils

Shi ne kayan da farashinsa ya faɗi ba don ingancinsa ya ragu ba. Bafaranshe ne, haifaffen Yunin 2004, mahaifinsa ɗan asalin Haiti. Zuwa ƙarshen 2025 kofunansa uku ne: Lyon a 2023, sai Hamburg da Tokyo a 2024, duka biyun masu maki 500, na Hamburg ma Zverev ya kayar a garinsu. A farkon 2025 ya kai zagayen 'yan takwas a Indian Wells da Miami da Monte Carlo a jere, ya hau na 14. A cikin su biyar, shi ne ya fi nuna cewa zai iya maimaita abu mako bayan mako a kan daɓe da jar ƙasa.

Sai ƙashin bayansa ya tsage a Roland Garros. Ya janye bayan zagaye na biyu, bai buga Wimbledon ba, ya leƙo a Toronto ya sake komawa jinya, shekara ta ƙare ya fita daga talatin na farko. Lissafinsa na kakar 2026 kashi biyu ne: maki kusan 800 da za su zube a Maris da Afrilu, sannan daga Yuni har Nuwamba kusan ba a bin sa komai. Idan baya ya warke sarai, babu wanda zai yi tsallen da zai yi a rabin shekara na biyu. Idan kuwa bai warke ba, ciwon baya ga mai wasan ƙarfi irinsa, mai murɗa jiki a kowane bugu, abu ne da kan dawo.

Giovanni Mpetshi Perricard

Ba zan daɗe a kansa ba, don wasansa ma ba ya daɗewa. Mita 2.03, haifaffen Lyon a 2003, mahaifinsa ɗan asalin Kwango. Ya yi sabis 51 da ba a taɓa ba a wasa ɗaya a Wimbledon ta 2024, ya ci Lyon da Basel a wannan shekarar, a 2025 kuma ya buga sabis mafi sauri a tarihin Wimbledon, kilomita 246 a awa, a wasan da Taylor Fritz ya doke shi duk da haka. Nan matsalar take. Ba a karya sabis ɗinsa da sauƙi, shi ma ba ya karya na kowa, sai komai ya koma raba-gardama, inda maki biyu ke yanke hukunci. Ya ƙare 2024 yana na 31, da makin Basel suka zube ya zame sosai. Yana da araha, kuma duk babban ɗan wasa yana addu'ar kada a haɗa su a zagayen farko, amma hawa jadawali yana son cin wasa huɗu a jere, sau da yawa.

Ga su a jere

| Ɗan wasa | Haihuwa | Matsayi a ƙarshen 2025 | Babban bashi | Lafiyar jiki | Sauya fili | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Fonseca | 2006 | 24 | 250 a Fabrairu, 500 a Oktoba | ba a gama gwadawa ba | ko'ina | zubar da maki, nauyin tsammanin ƙasarsa |
| Tien | 2005 | 28 | 230 a Janairu, 580 a ƙarshen shekara | da kyau, amma gudu da yawa | daɓe sosai, jar ƙasa da saura | sabis mara ƙarfi |
| Menšík | 2005 | 19 | 1000 a Maris | gwiwa da gwiwar hannu | daɓe, jar ƙasa ba laifi | faɗuwa bayan Miami, turmi biyar |
| Fils | 2004 | ba ya cikin 30 na farko | kusan 800 a Maris da Afrilu | ƙashin baya | daɓe da jar ƙasa | dawowar ciwo |
| Mpetshi Perricard | 2003 | ba ya cikin 30 na farko | kaɗan | ƙaton jiki | ciyawa da rufaffen fili | mayar da sabis |

Wata kalma kan Next Gen, tunda ana yawan kafa hujja da ita. Gaskiya ne Tsitsipas da Sinner da Alcaraz sun ci ta kafin su zama abin da suka zama. Amma Chung da Brandon Nakashima da Hamad Medjedovic ma sun ci. Ba ta ba da makin jadawali, turminta gajere ne, kuma matasan da suka riga suka yi nisa sukan ƙi zuwa. Cin ta alama ce, kada a ɗora mata fiye da haka.

Wa ya dace da kai

Idan gasar majalisarku ta kaka ɗaya ce, kuma ba ka son ciwon kai, ɗauki Tien. Bashinsa ba ya taruwa wuri ɗaya, yana da wata biyu na jar ƙasa da duk abin da ya samu ƙari ne, kuma ya riga ya nuna manya ba sa razana shi. Ni shi zan ɗauka, ko da yake na san ba shi ne za a fi yaɗa bidiyonsa a waya ba.

Idan tambayarka ita ce wa zai iya ɗaukar babban kofi wata rana, ya tsaya gaban Alcaraz da Sinner ido da ido, Fonseca ne. Sai dai ka shirya ganin ya fita a zagayen farko a hannun wanda ba ka taɓa jin sunansa ba, mako guda bayan ya ba duniya mamaki, kuma ka ba shi shekara biyu ko uku kafin ka yanke masa hukunci.

Idan ana ƙidaya yawan matakan da aka hau ne, ba inda aka tsaya ba, kuma kana da ƙarfin zuciya, Fils ne cinikin. Kafin ka sa hannu, kalli wasanninsa uku ko huɗu na farko bayan dawowa, musamman ko yana iya buga wasa mai tsawo yau ya sake fitowa gobe.

Menšík na mai haƙuri ne, wanda ba zai firgita da abin da jadawali zai nuna a Afrilu ba. Idan ƙa'idar majalisarku ta yarda a zaɓa a tsakiyar kaka, jira makin Miami su zube, sannan ka ɗauke shi da rahusa.

Mpetshi Perricard kuwa na wanda ke son kallo ne na mako biyun Wimbledon da gasannin rufaffen fili na Oktoba. Ka ajiye shi a matsayin na biyu, ka duba wanda aka haɗa shi da shi a zagayen farko.